Tumatir a Buhu a Tsakar Gida: Abin da Na Gani da Idona

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da ma mazan da ke sha'awar shuka a gida. Ni mazauniyar Kano ce, gidanmu kuma irin na cikin unguwa ne, an shafe tsakar gidan da siminti kaf, babu inda za a soka fartanya. A buhu nake noman tumatir shekara da shekaru, kuma abin da zan faɗa shaida ce ta abin da na gani a buhunana da na maƙwabtan da ke karɓar dashe a hannuna. Yawancin masu cewa tumatir ya ƙi su a gida, abu biyu ne ke kayar da su tun kafin shukar ta yi ganye huɗu: watan da suka shuka, da ƙasar da suka cika buhun da ita. Maganin feshi da kowa ke fara tambaya a kansa, can baya yake zuwa.

Tumatir ɗan sanyi ne a ƙasarmu. Ki duba manoman Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam masu ban ruwa da ruwan madatsar Tiga, sai damina ta ja jiki suke zuba iri, su yi dashe da kaka, kaya ya cika kasuwa a Janairu da Fabrairu. Dalili yana cikin furen. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin da ke cikin furen ba ya kamawa, sai furen ya bushe ya kaɗe. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu kuwa zafin Kano yakan kai digiri 40. Shi ya sa wadda ta zuba iri a Fabrairu za ta ga shuka kore shar, fure rututu, amma ɗa ko ɗaya babu, ta yi ta ƙara taki a banza. Lissafin da nake bi shi ne: iri yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 8, yana yin mako huɗu a wurin reno, bayan dashe da mako uku zuwa huɗu ya fara fure, daga fure zuwa nuna kuma mako shida zuwa bakwai. Kin ga daga zuba iri zuwa tsinkar farko wata uku ke nan da 'yan kwanaki. Saboda haka daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba ne lokacin zuba iri. Wadda ta kai ƙarshen Disamba ba ta zuba ba, shawarata ta haƙura da tumatir a wannan shekarar ta shuka alayyahu.

Iri kuwa, wanda manoma ke kira UTC, da Roma, su na fi yarda da su a buhu. Ba sa yin tsawo sosai, 'ya'yansu na da tauri da nama, ruwansu kaɗan ne, sun dace da miya da kauɗa. Ana samunsu a shagunan kayan noma cikin ƙaramar leda ko gwangwani, ki duba ranar da aka rubuta a jiki kafin ki biya. Matse tumatirin cefane a shuka yakan yi, amma caca ce, domin idan irin da aka yi wa aure ne, wanda ake rubuta F1 a ledarsa, 'ya'yansa ba sa ɗauko uwar.

Yanzu ga ƙasa, inda na fi son a tsaya a saurare ni. Kada ki ɗebo ƙasar bakin kwata ko jar ƙasar gini ki cika buhu da ita zalla. Da an ba ta ruwa sau biyu za ta danƙare, saiwa ta rasa iska, ruwa ya kwanta a sama ya yi kore. Haɗin da ke yi min shi ne bokiti biyu na ƙasar gona ta sama, bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen takin dabbobi, bokiti ɗaya na yashin rafi ko buntun shinkafa. Buntun da aka babbake ya yi baƙi bai zama toka ba ya fi ɗanye, ba ya kiran gara. A gauraya sosai a kan tabarma ko leda. Gwajin mai sauƙi ne: ki jiƙa kaɗan, ki damƙa a hannu ki buɗe. Idan ta dunƙule amma da kin taɓa da yatsa ta warware, ta yi. Idan ta zauna daram da shatin yatsunki a jiki, laka ta yi yawa, ƙara yashi. Idan ta zube tun kafin ki buɗe hannu, ƙara ƙasa da taki.

Takin nan dole ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa cikin kwana biyu, za ki ga gefen ganye ya yi ruwan ƙasa kamar an gifta masa wuta. Ana tara shi ne a gefe guda, kashin awaki ko na tumaki ko na kaji, a cakuɗa da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a rufe da tsohon buhu, a riƙa juyawa duk mako biyu. A makon farko in kin tura hannu ciki za ki ji zafi, alamar yana aiki ke nan. Bayan wata biyu zuwa uku zai huce, ya yi baƙi, warin ya tafi. Kafin ki zuba a buhu ki tankaɗe shi ki tsince gwazarma, fararen tsutsotsin nan masu lanƙwashewa, ki watsa wa kaji. In suka shiga buhu saiwa suke ci ta ƙasa, ke kuma kina ta mamakin abin da ke damun shukar.

Buhun shinkafa ko na taki mai kilo 50 shi ne daidai. A wanke, a naɗe bakinsa zuwa waje har tsayinsa ya koma kamar santimita 40, a huda gindinsa da gefen ƙasa wuri takwas zuwa goma da ƙusa mai zafi. Buhu ɗaya shuka ɗaya. Na san ido yana ganin fili ya ce a sa uku, to ukun nan a haɗe ba za su ba ki abin da ɗaya za ta ba ki ba. Kada a ajiye buhun a kan siminti kai tsaye, a ɗora a kan bulo biyu ko katako, saboda simintin yana ɗaukar zafin rana ya gasa saiwa, kuma ruwan da ya tsiyaye yana bukatar hanyar fita. Tsakanin buhu da buhu a bar rabin mita. Wurin kuma ya zama yana samun rana aƙalla awa shida, ta safe ta fi. Kafin ki jera buhunan ki ɗauki yini guda kina lura da inda inuwar katanga ke faɗawa, domin da hunturu rana tana karkata kudu, wurin da ke tarwai da damina yana iya zama inuwa a Disamba. Tumatirin inuwa dogo ne siriri, ganyensa fari-fari, furensa kaɗan.

Wurin reno tsohuwar roba ko kwano mai huji ya isa, da ƙasa mai laushi zurfin yatsa. Ki ja layi da tsinke, zurfinsa kada ya wuce santimita ɗaya, ki jera irin da ɗan tazara, ki rufe da ƙasa sama-sama, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ki yayyafa ruwa da hannu ko da gwangwanin da aka huda. Ranar da kika ga sun fara kunno kai, cire ciyawar nan take, in ba haka ba za su miƙe su yi sirara. Abin da ya fi kashe su a wannan mataki yawan ruwa ne. Za ki tashi da safe ki tarar wasu sun kwanta, in kin duba gindinsu daidai bakin ƙasa ya tsuke ya yi baƙi. Ruɓewa ce da damshi ke kawowa. Cire waɗanda suka faɗi tare da ƙasarsu, rage ruwa, matsar da robar inda iska da rana ke samunta. Ƙadangare ma babban ɓarawo ne a nan, yana iya aske robar gaba ɗaya a wuni guda, don haka a kifa mata tsohon kwando ko a rufe da raga.

Idan sun kai mako huɗu, tsayinsu ya kai santimita 12 zuwa 15, da ganye huɗu ko biyar, sun isa dashe. Kwana uku kafin nan ki rage musu ruwa su yi ƙwari. Ranar dashen kuma ki jiƙa robar sosai, ki jira la'asar sakaliya, ki ciro kowace da cokali tare da ƙasar saiwarta. A binne ta da zurfi har kusa da ganyen farko, domin karan tumatir yana fitar da sabuwar saiwa duk inda ƙasa ta rufe shi. Washegari da rana za su yi laushi, kada hankalinki ya tashi, ki kare su da kwali kwana biyu ko uku, za su miƙe.

Ban ruwa shi ne aikin kullum, kuma daidaito ake so a cikinsa. Ƙaramar shuka lita ɗaya a rana ta ishe ta, mai 'ya'ya kuma lita biyu zuwa uku, da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. Da iskar hunturu saman ƙasa yana bushewa da wuri alhali ciki da damshi, don haka ki tura yatsa zuwa gaɓa ta biyu kafin ki ƙara. Rufe saman buhun da buntu ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu biyu yana rage ƙishin sosai. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ganye duk suna da kyau, ina tara su a bokiti guda. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada ya je kusa, gishirin da ke cikinsa yana taruwa a buhu ya ƙone saiwa. In kuma kin ga farin ɓawo a saman ƙasa ko jikin buhu, ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana da gishiri, sai ki riƙa yi wa buhun ambaliya sau ɗaya a mako biyu har ruwa ya fita ta ƙasa ya wanke shi.

Tambayar da aka fi kawo min ita ce ta baƙin tabon da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, ya lotsa ya bushe kamar fata. Mutane suna ɗauka tsutsa ce su kama feshi. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ɗan ba, kuma galibi akwai shi a ƙasar, ruwan da zai kai shi ne ke yankewa: yau an cika buhu, gobe da jibi an manta. Roma da UTC suna saurin nuna wannan. Tsinke waɗanda suka yi tabon, ki daidaita ban ruwa, waɗanda za su biyo baya za su fito lafiya. Tsagewar 'ya'ya ma daga nan take, shukar da ta sha ƙishi aka kwarara mata ruwa lokaci guda, cikin ya kumbura fatar ta kasa ɗauka.

Takin zamani kaɗan ake sa wa. Mako biyu bayan dashe, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa, wato NPK 15-15-15, kimanin giram 5 ke nan. A tona ɗan rami nesa da gindi da faɗin tafin hannu, a zuba, a rufe, a ba da ruwa. A maimaita idan fure ya fara, a sake idan 'ya'ya sun kai girman goro. Yuriya ni ba na sa wa tumatirin buhu, ganye take tarawa, shukar ta yi duhu ta yi laushi, ƙwari su samu wurin zama, fure ya yi jinkiri. Wadda ba ta da kuɗin kamfa ta riƙa ƙara tafi biyu na ruɓaɓɓen taki a saman buhu duk mako uku, da ɗan barbaɗen tokar itace cokali ɗaya idan fure ya fito. A kafa sanda mai tsayin mita ɗaya tun ranar dashe, kafin saiwa ta bazu, a ɗaure karan da tsumma sako-sako. Ganyen ƙasa da ke taɓa ƙasa a cire su.

Sai maganar Sharon, tsutsar nan mai cin ganyen tumatir. Duk wanda ya yi cefane a 2016 ya san ta, shekarar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, mata suka koma miyar kauɗa da ta gwangwani. Sunanta na kimiyya Tuta absoluta, asalinta daga Kudancin Amurka, ta shiga Sifaniya a 2006, daga nan ta bazu har ta iso mu. Uwar tsutsar dai wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, da dare take yawo, guda ɗaya tana iya saka ƙwai sama da 200. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta ci naman ciki. Ki ɗaga ganyen ki kalli rana ta cikinsa, za ki ga wani fili fari kamar leda, da ɗigon baƙin kashinta a gefe, wani lokaci har ita kanta tana motsi. Da yake a cikin ganyen take, maganin da aka fesa a sama sau da yawa ba ya isa gare ta, kuma cikin wata guda ko ƙasa da haka sabon zubi ya fito idan gari da ɗumi. Shi ya sa ta fi ɓarna daga ƙarshen Fabrairu zuwa gaba, wani dalilin ke nan na shuka da wuri.

A nan mai buhu goma ta fi mai kadada sa'a, domin tana iya duba kowane ganye. Duk safiya idan kin zo ban ruwa ki juya ganyen. Wanda kika ga alamar a jiki, murtsuke tsutsar da yatsa ko ki tsinke ganyen ki jefa a murhu, kada ki yar a gindin buhu. Sannan ruwan darbejiya: 'ya'yanta busassu a ɓare a daka, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, kusan rabin gwangwanin madara ke nan, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a narka ɗan sabulun salo kamar ƙwayar gyaɗa a ciki don ya kama ganye. A fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, duk mako. Rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ba a ajiye shi, wanda aka haɗa yau a ƙarar da shi yau. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaron ci da girma yake yi, don haka tun kafin a ga ɓarna ake farawa. Yana taimakawa a kan darɓa ma, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye. Wadda ta samu raga marar magani ta rufe buhunan tun daga dashe ta huta da yawa, sai dai ta riƙa girgiza sandar da hantsi idan fure ya buɗe, domin furen tumatir da kansa yake yi wa kansa barbara, motsi kawai yake so.

Ina roƙonku da girman Allah, kada a fesa fiya-fiya ko maganin sauro ko na kyankyaso a kan abin da yara za su tsinka su kai baki. In ta kama dole sai maganin kanti, a je wurin malamin gona ya faɗi wanda ya dace, a karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinka, a kuma cika su.

Akwai cututtukan da ba su da magani, gara a san su a daina wahala. Idan sabon ganyen sama ya ƙanƙance, ya naɗe sama kamar cokali, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsaya cak, cuta ce da farin ƙuda ke ɗaukowa, ƙananan fararen ƙwarin nan da ke tashi idan an taɓa ganye. Tuge ta a fitar da ita daga gidan kafin ta shafa wa sauran. Idan kuma shuka tana kore ta yanƙwane gaba ɗaya alhali ƙasa da damshi, yanki karan kusa da gindi ki tsoma a kofin gilashi mai ruwa, ki bar shi ba motsi. In wani farin zare ya fara sauka daga yankan cikin 'yan mintuna, ƙwayar cuta ce ta toshe hanyar ruwa, ta fi yawa da damina, kuma ƙasar wannan buhun ba ta sake karɓar tumatir ko tattasai ko attaruhu ko gauta, dukansu dangi ɗaya ne. Ta uku ita ce shukar da ke ramewa tana laushi da rana, in kin tuge ki ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu. Wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, sun fi son ƙasa mai yashi.

Gaskiyar da ba na ɓoye wa kowa ita ce tumatirinki zai nuna daidai lokacin da ya fi araha a kasuwar 'Yankaba. Abin da na saba gani, buhun da aka kula da shi yana ba da kilo ɗaya zuwa biyu, don haka buhu goma ba zai raba gida da cefane ba. Ribar tana cikin sanin abin da aka fesa masa, da kuma tsari. Maimakon ki dasa goma rana ɗaya, ki zuba iri kashi uku, tazarar mako uku-uku, tsinka ta ja daga Janairu har cikin Maris. Sannan idan naki yana ɗauke miki miyar yau da kullum, kuɗin da ya ragu ki sayi kwando a lokacin arahar ki yi kauɗa: a yanka biyu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a shanya a kan raga ko tabarma mai tsabta a sama da ƙasa, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda, a shigar da ita ɗaki da dare. Da iskar hunturu cikin mako guda ta bushe ƙarau. Ita za ta riƙe ki a watannin Mayu da Yuni da Yuli, lokacin da tumatir ke gagarar talaka. Ana tsinka ne idan ɗan ya fara ja, ya ƙarasa nuna a ɗaki, in an bar shi a jiki tsuntsu da ƙadangare su riga ki.

Irin baɗi ki cire shi daga shukar da ta fi lafiya, daga 'ya'yan zubin farko da suka nuna jawur. Matse su a kofi, ki bar shi kwana biyu zuwa uku har ya yi kumfa, wannan ne ke cire santsin da ke jikin irin. Ki ƙara ruwa, mai kyau zai nutse, ki zubar da na sama, ki shanya a inuwa a kan faranti, ki ƙulle a takarda ki sa a kwalba mai murfi, ki rubuta sunansa da wata.

Idan Maris ya raba, shukar ta gama aikinta, kada ki bar ta tsaye tana kiwon Sharon. Tuge duka a ƙone. Zazzage ƙasar buhunan, ki jiƙa ta, ki baza ta kaurin tafin hannu, ki lulluɓe da farar leda mai nuna ciki ki danne gefen da bulo, ki bar ta a ranar Afrilu mako huɗu zuwa shida. Zafin yana rage tsutsotsin saiwa da irin ciyawa sosai. Buhunan da rana ta cinye a sauya su, yawanci ba sa wuce shekara guda. Daga nan ki ƙara sabon taki kashi ɗaya cikin huɗu ki mayar. Alayyahu yana jure zafi, mako uku zuwa huɗu kin fara yanka. Rama da yakuwa da lalo suna son damina. Kuɓewa ma haka, a jiƙa irinta ya kwana, ƙwaya uku a buhu, a bar biyu idan sun fito, sai dai kada a sa ta a ƙasar da aka ga ƙulu-ƙulu a saiwa, domin ita ma suna kama ta. Takin da za ki yi amfani da shi a Oktoba kuma, a watan Yuli ake fara tara shi.